Kwalbar Audu a Gindin Murhu

Ba zan taɓa mantawa da wannan Larabar ba, don kowa yana nan: Malam Garba malamin asibiti, Sista Baturiya, ɗana Audu, da maƙwabciyata Delu, wadda kullum nake wa faɗa kan ƙazanta.

Audu ya kwashe damina yana tari, har auduga ta fashe a gona ba mai tsinka. Da muka je Malumfashi, Malam Garba ya ce ba za a fara allura ba sai an duba kakinsa, a ga ko tarin fuka ne. Ya ba ni kwalba, ya ce a kawo na asuba. Da wata ce, tana karɓa sai ta yi gaba. Ni tsayawa na yi ina tambaya.

Ya ce ƙwayar ciwon ba haihuwa take ba, rabuwa take biyu. A cikinta akwai wani siririn zare mai ɗauke da duk halinta, sai ta kaɗa na biyu kafin ta rabu, kowace ta tafi da nata, yini guda rabuwa guda. Ni da na tsufa da mazari a hannu, na ce, "To, wa ke murza mata mazarin farko?"

"Iya, wannan masu binciken ma suna kai. Mu dai in ba mu gan ta ba, birni muke aikawa a rene ta a ɗumi har ta yi yawa."

Ɗumi? Ni da na ƙare rayuwata a daddawa? Me zai kai mu birni! Audu ya tofa, na toshe, na naɗe da tsumma, na tura gindin murhu. Kullum sai na ɗaga kwalbar a rana in ƙura ido, ko zan kama ta tana kaɗin (kumfa kawai na gani). Audu na tari yana cewa, "Inna, yaushe za mu koma?" Ni kuwa, "Ba ta nuna ba tukuna." Kwana tara.

Ranar Larabar na miƙa ta a gaban layi, har da cewa, "Na rage muku aiki." Malam Garba ya sassauta murfi. Sista ta yi waje. Delu ta toshe hanci da mayafi, ta juyo kaina.

"Yaya, a madafa kika aje wannan? Ke?"

Malam Garba bai yi dariya ba, da ma ya yi. "Iya, wannan ta ruɓe. Wadda kika rena kwana tara tana ƙirjin ɗanki."

Na dubi Audu, ƙasusuwan wuya duk a waje. Na miƙa hannu, Malam Garba ya ba ni sabuwar kwalba.

Tambayata har yau ba wanda ya amsa min, amma na gane son sani ba ya mai da mai daddawa likita. Washegari da asuba na tsaya a kan Audu ya tofa a sabuwar kwalba, na kama hanya ko koko ban sha ba, na miƙa wa Malam Garba da hannu biyu. Ya buɗe baki zai ƙara min wani bayani, na ce, "Riƙe abinka, Malam. Duba kawai."