Sa Ranar Sadisu Ɗan Landan

Wani mutum ne a Kazaure ana ce masa Sadisu Ɗan Landan. Landan ɗin dai bai taɓa taka ta ba. Iyakacin tafiyarsa Fatakwal, inda ya yi aikin ɗaukar wa baƙi jakunkuna a wani otal. Daga can ya dawo gida da kwat guda ɗaya wadda gwiwar hannunta ta koɗe, da Turanci fal baki. Ya kafa teburin sayar da tabarau a bakin kasuwa, ya ɗauki mafi duhu a ciki ya maƙala wa fuskarsa, ko sallar asuba za shi da shi yake tafiya.

Turancin Sadisu ba irin wanda ake ji a gane ba ne, irin wanda ake ji a matsa gefe ne. Ka ce masa ina kwana, sai ya gyara wuyan kwat ya zubo maka wani abu ratata, ka tsaya kana tunanin gaisuwa ce ko zagi. Ranar da akuya ta ture masa tebur ma da Turanci ya kore ta, kuma ya rantse ta fahimta, tunda ba ta sake dawowa ba.

Majalisarsa ƙofar shagon Isiyaku tela ce. Nan yake baje kolin labari bayan la'asar. Wai a otal Turawa har layi suke yi, su ja shi gefe su tambaye shi ma'anar kalmomin da suka shige musu duhu a yarensu. Wai akwai wani tsohon Bature da ya ji Turancinsa ya fashe da kuka, ya ce rabon da ya ji irinsa tun kakansa na raye. 'Yan majalisa su ce, "Allah ya ƙara basira, Ɗan Landan," suna taɓa juna a ƙarƙashin benci. Shi kuwa ya ƙara miƙe ƙafa.

Ana nan sai wata rana Malama Zuwaira ta zo sayen tabaran karatu. Bazawara ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana koyar da Turanci a makarantar 'yan mata ta garin. Mace ce mai kamun kai, ba ta da yawan magana. Ta gwada tabarau, ta biya, ta yi masa godiya da Turanci kalma biyu, ta wuce.

Shi ke nan an gama da Sadisu.

Ya je majalisa ya ba da sanarwa cewa duk faɗin garin nan mutum biyu ne kawai ke jin Turanci, kuma Allah bai haɗa su a banza ba.

Daga ranar Malama ba ta ƙara shan iska ita kaɗai ba. Ta fito makaranta, ga Sadisu a gindin dalbejiyar bakin ƙofa. Ta shiga kasuwa sayen kayan miya, ga shi a bayanta yana taya ta ciniki, yana ɓata mata ragi. Ta je gidan suna, ya tsaya a waje cikin maroƙa. Ta je asibiti duba ƙawarta, ta tarar ya riga ta isa, har ya yi wa mara lafiyar sannu. Kuma duk haɗuwa da kyautar tabarau. Baƙi, ja, mai ruwan zuma, mai madubi. Sai da ta tara abin da zai ishi aji guda har da shugabar makaranta.

Ta faɗa masa da Hausa mai laushi, "Malam Sadisu, ka yi haƙuri, aure ba ya gabana yanzu." Ya ce kunya ce irin ta mata. Ta sake faɗa masa da Hausa mai ɗan kauri, "Malam Sadisu, don Allah ka daina bi na." Ya ce jan aji ne, masu ilimi sun fi kowa iya shi.

Ran nan ta taso makaranta a gajiye, rana ta dake ta, ga kai yana sara mata. Tana fitowa ya ɓullo daga bayan bishiya, zumbur, da sabon tabarau a hannu. Malama ta tsaya cak. Ta dube shi sama da ƙasa. Haushi ya kai mata wuya har Hausar ta ƙare, sai ta ce, "Malam Sadisu, why do you fixate on me like this?"

Sadisu ya gyara zaman tabarau. Gaskiyar magana, a duk jimlar sunansa kawai ya kama da kyau, sai wata kalma da ta yi masa ƙara a kunne kamar an jefar da cokali. Amma Ɗan Landan guda ba zai ce a maimaita masa ba. Ya gyaɗa kai, ya yi murmushi, ya ce, "Yes, yes. Very correct."

Ta girgiza kai ta hau ɗan sahu ta tafi.

Shi kuwa ya kamo hanya yana tauna kalmar. Fikset. Fikset. Fiks, wannan ya san shi, a otal in famfo ya lalace shi ake cewa. Sawa ke nan, ko gyarawa. To saura wutsiyar. Et. Et. Det? Ya tsaya tsakiyar titi har wani mai babur ya zage shi. Fiks det. Sa rana.

Bai san lokacin da ya isa shagon Isiyaku ba.

"Jama'a, an gama," ya ce, yana haki. "Da bakinta ta faɗa. In sa rana."

Isiyaku ya tsayar da keken ɗinki. "Ita Malamar? Wadda jiya ta hango ka ta canza layi?"

"Kai matsalarka ke nan, ba ka san mata ba, ba ka san Turanci ba. Cewa ta yi fixate on me. Bari in warware muku, ku ƙaru." Ya cire tabarau ya goge da gefen kwat. "Fix, sawa. Date, rana. On me, a kaina. Wato ka sa rana a kaina. Ina abin wahala a nan?"

"To ni ban ji det ba a yadda ka faɗa. Fikset na ji."

"Ai nan gwanintar take. Baturen asali ba ya furta wannan 'da' ta farkon det. Haɗiye ta yake yi, saboda sauri. Ku da kuka tsaya a firamare ku ne kuke fito da kowane harafi kamar masu ƙirgar awaki."

Isiyaku ya sosa ƙeya. "Ga waya a hannunka, me zai hana ka duba? Don a tabbatar kawai."

Sadisu ya yi wata dariya, ƙasa-ƙasa, irin ta tausayi. "Wayar da 'yan China suka haɗa ce za ta koya mini Turanci? Isiyaku, ka ji tsoron Allah."

"To ai ko gaisuwa ba a kai ba, balle tambaya."

"Masu ilimi ba sa ɓata lokaci. Kai dai ka yanka mini shadda, ka yi mata aiki har ƙasa."

Kafin gari ya waye sau biyu duk kasuwa ta ji. Mai nama ya yi masa murna, mai shayi ya ƙara masa madara. Sadisu ya sayi huhun goro da katan ɗin alawa da na biskit. Ya aika ƙauyensu a ɗauko Kawu Barau, ƙanin mahaifiyarsa, dattijo mai gajeren haƙuri wanda ya bar shukarsa a tsakiyar noman farko ya taho. Kawu ya so ya yi tambaya, Sadisu ya ce, "Kawu, komai an gama shi da Turanci. Kai dai albarka za ka sa."

Ranar Asabar da hantsi suka ɗunguma. Kawu a gaba da babbar riga, Isiyaku a baya da huhun goro a ka, wasu 'yan majalisa na biye, wai rakiya, alhali kallo ya kawo su. A al'ada ango ba ya zuwa irin wannan zama, amma Sadisu ya ce dole ya je, ko da za a buƙaci tafinta.

Waliyyin Malama shi ne Baffa Ɗahiru, ƙanin mahaifinta, tsohon ma'aikacin gona mai sanyin hali. Ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka gaisa, aka tambayi damina. Kawu ya gyara murya ya ce sun zo ne a kan maganar yaran nan, a tsayar da rana kamar yadda ita yarinyar ta nema.

Baffa ya dubi goro, ya dubi Kawu. "Zuwaira ce ta nema?"

"Da bakinta, Baffa," in ji Sadisu daga gefe. "Sai dai da Turanci ne, shi ya sa wataƙila labarin bai iso gida ba."

"Ikon Allah," in ji Baffa. Ya leƙa cikin gida ya ce a turo masa ita.

Malama ta fito da hijabi, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaida manya. Idonta ya sauka a kan huhun goro, ya koma kan Sadisu da sabuwar shaddarsa tana ƙyalli. Shi kuwa ya ɗaga mata gira ta saman tabarau.

"Zuwaira," in ji Baffa, "bayin Allah nan sun ce kin ce a sa rana."

"Ni, Baffa? Ranar me?"

Wani daga baya ya yi tari.

Sadisu ya yi murmushi. "Kunya ce. Malama, ki tuna, bakin makaranta. Kika ce fixate on me."

Malama ta dube shi. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta sa gefen hijabi ta toshe baki, ta yi ta fama har ta samu ta haɗiye dariyar, saboda idon manya.

"Baffa, na faɗi haka. Amma tambayarsa na yi don me ya manne mini."

"Manne?" in ji Kawu.

"E, Kawu. Kalmar ana faɗinta ne ga mutumin da hankalinsa ya maƙale a kan abu guda, ya kasa ɗaukewa. Da shi zai kwana, da shi zai tashi. A ba shi wani abin ya ƙi, a yi masa magana ya ƙi ji. Kamar yaron da ya ƙyalla ido a kan abin wasan wani, ko kaska a jikin saniya. Ana cewa mutum ya yi hakan a kan wata magana, ko a kan wani kuskure, ko a kan wani mutum."

Kawu ya matso. "To yabo ne?"

"A'a, Kawu, ba a yabon mutum da ita. Ba so take nufi ba, naci ne wanda ya wuce misali. In ya yi yawa ma har asibiti ake kai mutum."

Isiyaku ya sunkuyar da kai yana nazarin saƙar tabarma kamar yau ya fara ganin kaba. 'Yan rakiya kuwa tuni ɗaya ya fice waje, ana jiyo shi yana ƙyaƙyatawa a jikin katanga.

Gumi ya karyo wa Sadisu, shar, har shaddar ta fara liƙe masa a baya. Amma bakin bai mutu ba.

"Da izinin manya," ya ce, "wannan Turancin aji ne. A Turancin asali kalma biyu ce. Fix, date. Akwai harafin 'da' a tsakiya."

"Babu 'da' a cikinta, Malam Sadisu."

"Akwai. Haɗiye ta ake yi."

"Ba a sa ta a baki ba, balle a haɗiye."

"To wataƙila ke ce kika haɗiye ba ki sani ba. Ni dai na ji ƙamshinta. Ki sake faɗa a hankali, kowa ya saurara, za a ji wurin da ta faɗa."

"Malam Sadisu..."

"Sau ɗaya kawai. Fiks. Sai ki ɗan tsaya. Det."

Malama ta juya wajen Baffa, ta buɗe tafin hannu. "Yawwa, Baffa, ga misalin da nake nema. Kun gani, yanzu ya sake ni ya kama harafi."

Baffa Ɗahiru, duk sanyin halinsa, sai da ya kau da kai yana gyaran hula. Zaure ya ɓarke. Isiyaku ya kwanta a tabarma yana riƙe da ciki.

Kawu Barau ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya dubi Malama ya ce, "'Yar nan, kafin Turancin, kin taɓa faɗa masa da Hausa?"

"Na faɗa, Kawu. Ba sau ɗaya ba."

Kawu ya miƙe, ya kakkaɓe babbar riga, ya ba Baffa haƙuri. Sannan ya sunkuya ya ɗauki huhun goron nan da hannu biyu, ya dangwara wa Sadisu a ka, tim, har tabarau ya zamo kan hanci.

"Ɗauki mu tafi," ya ce. "An faɗa maka da Hausa ba ka ji ba, an faɗa maka da Turanci ka taso ni daga gona. Kai yanzu da wane yare ake korar ka?"