Kyautar Shafi Har da Hotona

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a jami'ar nan ta Wudil ba, ranar da manyana suka taru a ɗaki guda na kunyata kaina da hannuna.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sashen kwamfuta. Mulkin farar hula ya zauna da gindinsa, kowace ƙungiya tana son shafin intanet, kuma kowane shafi sai an ɗora hoton shugaba a samansa kamar fostar zaɓe. Ni na gina wa sashenmu nasa. Kafin shugaban sashe ya aiko da hotonsa, na cika gurbin da nawa na ranar Sallah (hular ma aro ce). Daga baya aka sa nasa, na manta da zancen.

Sai na ƙudura in saki aikin a fili, kowa ya kwafa kyauta, ya gyara yadda yake so. Malama Rabi, wadda ta girme ni a aiki da kuma hankali, rabin maganar ta yarda da shi.

"Ka ba su rubutun da ke juya shafin," ta ce. "Amma launi da tsari da tambari, ka riƙe. Da su ake gane mu."

Na ce mata ƙungiyar manoma a ƙauyen Achika ina za ta samo mai tsara mata fuskar shafi? Ai an ba mutum tuwo ke nan an hana shi miya. Har yau ina ganin da gaskiyata a nan. Inda na kasa shi ne, da na tashi sakin aikin duka, tsohon kwafi na saka, ban ko leƙa cikinsa ba.

Bayan 'yan watanni sashe ya kira zama, a yanke ko za a riƙa sakin duk ayyukanmu haka. In an amince, ni za a damƙa wa ragamar, abin da na daɗe ina mafarki. Waɗanda suka kwafa sun turo mini adireshinsu. Na duba na wata Islamiyya da na masunta, sun yi kyau. Na ukun an rubuta cibiyar lafiya, sai na ce wannan ba sai na duba ba, shi zan rufe taro da shi.

Aka kunna majigi. Na yi ta zuba, har da zancen sadaka mai gudana. Sannan na latsa na ukun.

Launin sashenmu ne, tambarinmu ne, ga ni cike da bango ina murmushi. A ƙasa an rubuta: "Babban Malami, mai maganin basir, shawara da sanyin ƙashi. Gado ne, ba haye ba."

Shugaban sashe, wani dattijon farfesa, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Malam, ashe da magani a gida muke ta wahalar zuwa Kano?"

Dariyar ba ta dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Da ɗakin ya lafa farfesan ya ce, "Wanda ya ga tambarin nan zai ɗauka mu muka tabbatar da maganin. In ya sha ya cutu fa?" Ni kunyar kaina nake ji, ban taɓa tuna marar lafiyar ba. Malama Rabi ba ta yi mini gori ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Aka yanke cewa za a saki rubutun har da tsarin, amma a cire tambari da suna da hoton kowa. Ragamar kuma Malama Rabi aka bai wa.

Mai maganin, da na same shi a waya, ya sauke komai ba musu. Sai dai ya ce ya yi asara, domin fuskar masu amana gare ni.

Ban daina kyauta ba. Amma yanzu na san kafin ka kyautar da riga, ka fara lalube aljihunta.