Rasuwar Ɓeran Teburin Anti Sakatariya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, Anti Sakatariya ta ofishin ajiyar takardu, hawa na biyu, tana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar linzamin kwamfutarta, wanda kowa ya fi sani da Ɓera. Ya cika ranar Talata da hantsi a ƙarƙashin tafin hannunta na dama, inda ya shafe shekara goma sha ɗaya yana hidima.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa neman a haddace masa komai ba, inda ido ya kalla nan yake kai kibiya. Sau biyu shayi yana zube masa, bai yi ƙorafi ba. Ba a san shi da surutu ba, iyakarsa ƙyas, in abu ya yi tsanani ƙyas-ƙyas. Da ciwon gaɓɓai ya sandarar wa Anti da ƙaramin yatsa da na kusa da shi, har ta daina iya danna maɓalli uku a tare, shi ya rufa mata asiri, ba wanda ya gane.

Ciwon ajali ya soma ne watan da aka kawo sabon manaja, mutumin da ke aiki da baƙin allon kwamfuta ba tare da linzami ba, ya rubuta umarni layi ɗaya, fayil ɗari uku su canza suna kafin ƙiftawar ido. Ran da ya fara zagaye, ya tsaya bayan kujerar Anti yana duban agogo.

"Anti, duk sanda hannunki ya bar kibod ya tafi wajen wannan abin, daƙiƙa biyu sun salwanta. Tun safe nake ƙirgawa."

"Ranka ya daɗe, ai aikin yana fita."

"Yana fita," in ji shi, ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa.

Tun daga ranar marigayin bai ƙara lafiya ba. Kibiya ta riƙa karkarwa a allo. A danna shi sau ɗaya, ya amsa sau biyu. An buɗe cikinsa an hure ƙura, an naɗe wutsiyarsa da salatif, ya ɗan ji sauƙi kwana uku. Ranar Talata, a gaban manaja, marigayin ya jawo wasiƙar da ake jira a allo ya sake ta a hanya, jar wutar cikinsa ta ƙyafta ta mutu. Anti ta juya shi, ta girgiza, ta zare ta sake sokawa. Shiru. Ta sauka sito neman wani, mai sito ya ce mata an hana sayo irinsu, ko kai bai ɗago ba.

Ya rasu ya bar 'yar tabarmarsa da ta koɗe a tsakiya, da ƙanensa kibod, wanda ya gaje komai kuma bai nuna alhini ba, da tsohuwar firinta da ba a gaya wa ba tukuna. Ya bar Anti da 'ya'yanta uku 'yan makaranta, da takardar gajerun hanyoyin kibod arba'in da aka liƙa mata a bango. Ta haddace shida, yatsunta sun yarda da biyu.

Shi ne na uku da aka rasa a wannan hawa. Na mai rajista ne ya fara tafiya, na mai karɓar wasiƙu ya biyo baya. Teburansu biyun yanzu tukwanen fure ne a kai.

Za a kai marigayin makwancinsa gobe Alhamis a durowar ƙasa, naɗe da hankici, da zarar manaja ya fita cin abincin rana. Masu zuwa da nasu ɓerayen su ɓoye su a aljihu. Ana roƙon kada a ɗaga murya wajen kuka, ƙofar gilashi ce. Za a karɓi gaisuwa a teburin Anti har Juma'a ƙarfe goma, lokacin da aka ce ta je ofishin manaja da katin aikinta da makullan ofis. Wanda ya makara, ya tambayi maigadi kwatancen gidanta.