Yatsana da Zoben Inji

Da na yi ritaya na sayi ɗan injin feƙe ƙarfe, saura kolet, zoben da ke damƙe ƙarfen. Maƙwabcina Malam Sani ya ce in auna tukuna. Ni, tsohon malamin lissafi? Babban yatsana na zura a bakin injin, na wuce kasuwa.

A shago na zura yatsan cikin wani kolet. Ya shiga, ya ƙi fita, har da sabulu.

"Alhaji, ka dai ga riƙo," in ji mai shago.

Dole na saya, na ratso unguwar Mandawari hannu a aljihu. Da yatsan ya fita, kolet ɗin bai ma hau injin ba.

Har yau in za a auna ƙofa, sai Malam Sani ya ce, "A aro yatsan Alhaji."