Yadda Za Ka Shekara Huɗu a Bayan Noel, Iska Ba Ta Taɓa Ka Ba

In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka tuƙa keke kilomita tamanin kowace Asabar, har ma daga Maris zuwa ƙarshen Mayu, lokacin da ciyawar garinmu Ballarat ke wayar gari fari fat da ƙanƙara, ba tare da iskar kudu ta san kamannin fuskarka ba. Ni na gwada. Ina da digiri biyu, ko da yake babu wanda ya shafi keke.

Ka san ƙa'idar ayari. Layi ake yi, na gaba yana tare wa sauran iska. In ya yi minti biyu sai ya kaɗa gwiwar hannunsa, ya ja gefe, na bayansa ya karɓa. Kowa da rabonsa na wahala. Aikinka shi ne kada naka ya iso ka.

1. Nemi mutum mai faɗi

Ba mai gudu ba, mai faɗi. Mu bakwai ne a ayarinmu, kuma an yi mana baiwa da Noel Trezise, tsohon mai gyaran famfo, wanda bayansa ya kai ƙofar gareji. A bayan Noel kana iya kunna ashana. Ka manne wa tayarsa, tazarar taƙi ɗaya. Wata falalar tasa kuma, in ya hau gaba mantawa yake da zancen minti biyu, sai ya yi goma yana ba titi labarin jikokinsa.

Ka riƙa amsa masa da "Haba!" lokaci-lokaci. Iyakar kuɗin hayar ke nan.

2. Kada idonka ya taɓa haɗuwa da gwiwar hannu

Wata rana labarin jikoki zai ƙare, gwiwar ta kaɗa. Kafin nan ka riga ka sunkuya kana duban sarƙa. Ɗaure fuska ka ce, "Kun ji ƙarar nan kuwa?" Ba wanda zai ji, domin babu ita. Yi wa na bayanka hannu ya wuce. In Noel ya sulalo baya, sai ka sake shiga inuwarsa.

Sarƙa sau ɗaya a wata, kada ka gajiyar da ita. Lokacin kaka yana da nasa arzikin: safar hannu ta zame, jiƙaƙƙen ganye ya maƙale a birki, majina. In duk sun ƙare, nuna daji ka yi ihu, "Kangaru!" Kowa zai taka birki kada dabbar ta faɗo titi, layi ya wargaje. In aka sake jeruwa, ba mai tuna wa ke bin wa.

Mai hankali ba ya gudun aiki. Jinkiri kawai yake yi har aikin ya samu wani.

3. Gudun Laraba

Ranar Laraba ana ajiye keke a zagaya tafki da ƙafa sau biyu, kilomita goma sha biyu, wai don ƙarfafa huhu. A nan bayan Noel ba ya aiki sosai, amma an halicci igiyar takalmi. Ka durƙusa daidai wajen rumfar kwale-kwale, ka ɗaure ta da natsuwa irin ta likitan tiyata. In sun zagayo, ka fito a guje kana haki, ka ce, "Ina kuka tsaya ne? Tun ɗazu nake gaba."

Ka shafa ruwan tafki a goshi. Da sanyi, amma ilimi ba ya samuwa a ɓagas.

4. Teburin gahawa

Ba a kan titi ake yin suna ba, a shagon gahawa ne bayan an dawo. Ka riga kowa shiga, ka riƙe kofi da hannu biyu kana karkarwa, ka fi kowa zagin iska. Wanda bai sha ta ba shi ke da numfashin siffanta ta.

Sai dai ka kiyayi Lorraine Doukas. Ita ce shugabar ayari, shekara talatin tana shugabantar makarantar firamare, ba irin ƙaryar da ba ta ji ba. Asabar ta farko a Mayun bana ta ajiye gasasshen burodinta ta dube ni ta saman tabarau.

"Warwick, ni fa ban san launin bayan rigarka ba."

"Shuɗi ne, ranki ya daɗe."

"To ina so in gan shi a gabana kafin wata ya ƙare. In ban gani ba, kujerar nan akwai masu jiranta."

"Sarƙata ce..."

"Sarƙarka ta fi tsohuwata yawan ciwo, ita kuwa shekararta casa'in da ɗaya."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ka yi dariya tare da su, yana cikin tsarin. Kada ka ambaci cewa tun da matarka ta koma birnin Perth, Asabar ce kaɗai ranar da ake kiran sunanka da ƙarfi. Wannan bayani ba shi da alaƙa da keke.

5. Kada ka yarda a bar ku daga kai sai shi

Wannan ne babban mataki, kuma shi na karya.

A Afrilu likitoci sun buɗe wa Noel wata jijiyar zuciya da ta toshe. Suka ce ya hau keke, amma a hankali, kada agogon hannunsa ya nuna bugun zuciya fiye da ɗari da ashirin. Asabar ta ƙarshe a Mayu ya dawo. A mararraba Lorraine ta ce masu ƙarfi su bi ta kan tudu, Noel ya bi gajeriyar hanya zuwa gida, wani ya raka shi, domin ba a barin mutum shi kaɗai. Na ɗaga hannu kafin ta rufe baki. Hanya ba tudu, ga Noel a gaba: na ɗauka sakayyar haƙurina ce.

Saura kilomita ashirin da shida, daidai gadar tumaki, iska ta juyo. Fili ne fetal, daga tumaki sai wayar shinge. Noel yana gaba kamar kullum, amma babu labarin jikoki. Sai agogonsa ya fara ƙara.

Gwiwar hannu ta kaɗa.

Na sunkuya na dubi sarƙa. Na riga na saba. Na yi wa na bayana hannu ya wuce, sannan na waiga. Titi ne kawai, da ganye.

Gwiwar ta sake kaɗawa, a hankali.

"Mutumina," in ji Noel, bai juyo ba, "yau fa babu kangaru."

6. In ta kama ka, kada ka yi da kyau

Na wuce gaba. Zan faɗa maka abin da ke can, tunda ba za ka je ba: iskar tana shiga ta haƙori ta fita ta ƙeya. Yatsu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin ne ke farawa. Bayan minti biyu gwiwar hannuna ta kaɗa da kanta, na danne ta.

"Nawa yanzu?" na yi ihu.

"Ɗari da talatin da ɗaya."

Na rage gudu, na miƙe zaune, na baza kafaɗu iya abin da aka ba ni.

"Yanzu fa?"

"Da ashirin da huɗu. Kai Warwick, ba ka cin abinci ne? Kamar a bayan tsintsiya nake."

"Yi shiru ka taka, tsoho."

A ɗari da goma sha takwas ya fara labarin jikarsa da ta ciji malamin iyo. Na ce "Haba!" Majina ta daskare mini a leɓe. Sa'a ɗaya da kwata muka yi.

A shago kofin ya ƙi zama a hannuna, Noel ne ya zuba mini sukari. Ban zagi iska ba, bakin bai buɗu ba. Lorraine ta iso, ta cire hular kwano, ta dubi Noel ta dube ni.

"Ya ja gaba?"

"Tun daga gadar tumaki," in ji Noel. "Sarƙarsa ko tari ba ta yi ba."

"Ikon Allah. Ta warke ke nan." Ta ja kujera. "Asabar mai zuwa kai za ka buɗe mana hanya, Warwick. An ce za a yi ruwa."

Ka ga kuskuren? Aikin shekara huɗu, na rushe shi da safiya ɗaya. Yanzu Noel ne ke bayana kowane mako, kuma ya fara jin wata ƙara a sarƙarsa.

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da hannu a mura, ciwon gwiwa, daskarewar yatsu, ko rasa kujera a kowane teburi. Alkawarin da ke sama yana aiki ne muddin mutumin da ka ɓuya a bayansa bai tsufa ba, bai yi ciwo ba, kuma kai ba ka saba da labarin jikokinsa ba. In ɗaya daga cikin ukun ya faru, kada ka neme ni. Ina gaba, ba na jin kira.