Usur Duk Bayan Minti Tara

Jama'a, ku taya ni murna. Jiya na ziyarci ofis guda sau ashirin da uku, kuma ko sau ɗaya ban yi jiran minti goma ba. Haka aka rubuta a takarda, ni wane ne da zan musa?

Abin da ya kai ni hatimi ne, ƙwaya ɗaya tak. Autata za ta rubuta jarrabawar shiga makarantar koyon jinya, ƙarfe huɗu ake rufe karɓar takardu, kuma tata ba ta karɓuwa sai wannan ofis ya buga mata hatimi. Shekara guda yarinyar nan tana karatu har idonta ya faɗa. Uwarta ta rako ni bakin ƙofa ta ce, "Malam, kada ka dawo min da labari."

Na tarar an shafe ofishin da sabon fenti, ga ƙaton allo: AN INGANTA AIKI, BA MAI JIRA YA WUCE MINTI GOMA. Na ce kai, madalla, ashe da rabon mu ga wannan zamani. Aka ba ni lamba na bi layi. Ban gama gyara tsayuwa ba sai na ji fiiit! Wani dogo ne da usur a wuya.

"Kowa waje! A fita a sake shigowa!"

Na ce, "Yallabai, gobara ce?"

"Tsari ne, Baba. Minti tara ta cika. In kun fita kun dawo kun zama sababbin zuwa, sai a ba ku sabuwar lamba."

"To, aikin da ya kawo mu fa?"

"Ni jira aka ce in rage. Aiki yana wani sashen."

A tururuwar fita na yi karo da maƙwabcina tela, ya rame ya yi zuru-zuru. Kwanansa uku ke nan yana shiga da fita. Ya ce, "Kai ka zo a sa'a. Shekaranjiya sai bayan minti goma sha huɗu ake busawa, mutum har ya ɗan jingina. Kullum ƙara ingantawa suke. An ce wata mai zuwa minti uku ne."

Da rana ta take, raina ya ɓaci, na nemi akwatin ƙorafi. Mai usur ya ce tun watan jiya aka cire shi, kuma tun daga ranar ba a sake samun ƙorafi ko ɗaya ba. Ya faɗa yana murmushi, har da dafa ƙirji. Ni kuwa wallahi tsoro ya fara kama ni, don fuskar Auta kawai nake gani.

Ƙarfe uku sai ga shugaban ofishin, Babban Sarkin Inganci, Allah ya ƙara masa kwala da naktayi a wuya, ya sauko daga bene da baƙi. Ya nuna musu zane a bango, wani jan layi ya miƙe sama kamar zai huda silin. Da, mutum arba'in ke zuwa ofishin a wuni, yanzu ɗari tara. Baƙi suka yi tafi raf-raf. Mu arba'in ɗin muna tsaye muna haki, mu ma muka taya su.

Daga nan aka ce za a karrama waɗanda suka fi yawan ziyara. Tela ya zo na ɗaya, ni na shida. Aka miƙa wa kowa takardar yabo, aka ce a bi ta taga a buga mata hatimi.

Sai ga shi. Hatimin da nake nema tun safe! Ashe mai bugawa tun da ya zauna takardun yabo yake ta dannawa, na ma'aikata, na baƙi, har da na mai fenti. Ko ɗaga kai ba ya yi. Nan take na zaro takardar Auta na ɗora a kan tawa, na tura.

Dam!

Ban san ina da sauran gudu a ƙafafun nan ba sai jiya. Saura minti shida a rufe na miƙa takardar a wurin karɓa, aka ba ni shaida. Da na dawo gida Auta ta karɓi shaidar tana dariya tana hawaye, ni ma na juya baya na ce fenti ne ya shigar min ido.

Takardar yabona dai ba hatimi, an ce in koma a buga. Amma don girman Allah, masu karatu, maganar nan ta tsaya tsakaninmu. In Sarkin Inganci ya ji an yi wa mutum aiki a ofishinsa, gobe da sassafe zai gyara wannan kuskuren ma.