Sandar da Ta Koya wa 'Yata Karkata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Langitara, masu ƙera sandar tuƙi da hannun totur na jirgin saman kwamfuta, tare da injiniyoyinsa masu zurfin ilimi da duk mai cin abinci a ƙarƙashin inuwarsa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan sanyin ofis bai yi muku yawa ba, ina neman afuwar kutse da na yi cikin lokacinku mai tsada. Sunana Syamsul Bahri Daeng Rewa. Makanikin injin jiragen ruwa ne ni a tashar Paotere, nan Makassar, yau shekara talatin da ɗaya. Ban yi karatun da kuka yi ba, hannuna kuma ko an wanke shi da sabulu uku warin baƙin mai yake yi. Amma na san ƙarfe, na kuma san abin da ya yi shigar ƙarfe alhali ba shi ba ne.

Ina da 'ya ɗaya, Tenri, tana sayar da magani a wani kanti. Tun tana ƙarama in jirgi ya wuce saman unguwarmu sai ta saki cokali ta fita tsakar gida. Bara wani kamfanin jiragen sama ya yi shelar zai ɗauki matasa ya koya musu tuƙi, da sharaɗin kada mutum ya kai shekara ashirin da shida, kuma sai ya ci jarrabawar tuƙi a na'ura. Tenri tana da ashirin da biyar, wato wannan ce damarta ta farko kuma ta ƙarshe. Ta sayar da babur ɗinta ta sayi sandarku da toturinku domin ta yi atisaye a gida wata takwas kafin ranar. Ga abin da ya biyo baya, na jera muku shi da lamba saboda na lura ku mutanen lamba ne.

Na ɗaya. A jikin kwalinku kun rubuta da manyan haruffa cewa an gwada sandar sau miliyan biyu ba ta gaza ba. Ranka ya daɗe, wa ya ƙirga? Yana nan da rai? Ina so in gaishe shi, domin a gidana mako goma sha ɗaya ta yi. Ranar wata Talata da safe Tenri ta kira ni ta ce, "Baba, zo ka ga ikon Allah." Ta naɗe hannuwanta a ƙirji, ba ta taɓa komai ba, jirgin kuwa yana ta karkata hagu a hankali shi kaɗai har ya kifa cikin teku. Na yaba da wannan fasaha ƙwarai. Sauran kamfanoni sai da matuƙi suke faɗar da jirgi, ku kun sauƙaƙe wa jama'a wannan wahalar.

Na biyu. Abin da ya ruɗe mu a kanti nauyinta ne. Ni da kaina na ɗaga ta na jinjina, na ce wa yarinya, "Wannan ƙarfe ne, saya." Da ta fara ciwo sai na ɗaga 'yar takardar garantin da kuka manna a kan noti da tururin buta, na buɗe cikinta, na mayar da takardar yadda take. Na faɗa muku yanzu domin babu sauran abin da za ku ƙwace mini. Gaɓar da dukan sandar take juyawa a kai, wadda hannu yake murza dare da rana, roba ce irin ta bokitin wanki. Ƙarfe ɗaya tak na gani a ciki, wani faifai mai kauri da kuka ɗaure a gindi, ba ya haɗe da komai, ba ya aikin komai sai nauyi. Kun san darajar ƙarfe ke nan, kun san hannun mai saye yana nemansa, sai kuka sa shi inda zai yi magana a kanti maimakon inda zai yi aiki a gida. Wanda ya kawo wannan dabara ya cancanci ƙarin girma, in ma ba a riga an ba shi ba.

Na uku, toturin. Da damina ta kankama sai giris ɗin da kuka shafa masa ya koma danƙo. A tura shi a hankali ya ƙi, a ƙara ƙarfi ya ƙi, sai an ba shi duka da gindin tafin hannu sannan ya zabura gaba ɗaya. Matata Daeng Bau tana kicin tana jin bugun, ta ɗaga murya ta ce, "Tenri, jirgi kike tuƙawa ko kwakwa kike fasawa?" Muka yi dariya duka, har da Tenri. Ina tuna wannan dariyar yanzu ina jin kunya.

Na huɗu. Ina jinjina wa sashenku na sauraron koke. Mun rubuta sau tara, an amsa mana sau tara, kowace amsa da sunan wata baiwar Allah daban, amma duk da jimla ɗaya suke farawa: "Mun fahimci damuwarku." Ban taɓa ganin mutanen da suka fahimci damuwa haka ba tare da ta dame su ba. Shawarar farko, mu sake yi mata saiti. Muka yi, ta miƙe na kwana biyu ta koma gidan jiya. Shawara ta biyu, mu shiga kwamfuta mu gaya mata ta daina jin ƙananan motsin sandar, sai manya. Wato tunda sandar tana ƙarya, maganin shi ne a toshe kunnen jirgin, har gaskiyar da hannun yarinya yake faɗa kada ya ji. A ina aka taɓa sauke jirgi da manyan motsi kaɗai? Shawara ta uku ita ce ta fi burge ni. An ce laifin laima ne, kayan ba sa son iska mai ɗauke da ruwa, mu ajiye su a busasshen ɗaki. Mai Girma, ka taɓa duba taswirar ƙasar da kake sayar da kayanka? Tsibirai ne, ruwa gaba ruwa baya. A nan ko gishiri a kwano gumi yake yi. Ina kuke so mu samo busasshen ɗakin, ko shi ma kuna sayarwa?

Duk da haka mun bi umarni. Daeng Bau ta naɗe sandar a tsohon zane ta binne ta cikin buhun shinkafa, yadda muke yi wa waya in ta faɗa ruwa. Wata biyar sandarku tana kwana a shinkafarmu, kullum da asuba a tono ta a kaɗe. Ba ta warke ba, sai dai ta ƙara da ƙamshi.

Na biyar, garanti. Da muka matsa, kuka amince mu aiko ta Jakarta a duba, a jira kwana casa'in na aiki. Jarrabawa kuwa saura kwana saba'in. Muka roƙa ku aiko wata kafin mu tura wannan, kuka ce tsari bai yarda ba. Ban san wane ne Tsari ba a kamfaninku, amma na lura ya fi shugaba ƙarfi, kuma ba ya zuwa aiki sai ranar hana mutane.

Na shida ba naku ba ne, nawa ne, domin laifi tudu ne, kuma ba zan taka nawa in hango naku kaɗai ba. Tenri ta zo ta same ni a bakin aiki, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Baba, ko in haƙura da atisayen nan? Abin nan yana ɓata mini hannu." Ni kuwa sai na yi mata huɗubar mutanen teku. A wurinmu babu jirgin da yake tafiya sak. Kowane kwale-kwale da halinsa, wani yana ja hagu, wani dama, kuma gwanin matuƙi shi ne wanda ya san halin nasa ya jingina hannu a kan akala har ya manta yana jinginawa. Na ce mata, "'Yata, na'ura ba a rabuwa da ita don tana da hali, koyon halinta ake yi. Tana ja hagu? Ki danna dama kaɗan. Totur ya ƙi? Ki san inda ake bugunsa. Wanda ya iya da gurgun doki, lafiyayye ba zai ba shi wuya ba." Ta ce, "To, Baba." Ta yarda da ni saboda tun da aka haife ta ban taɓa yi mata ƙarya a kan inji ba.

Ta kuwa koya. Kowace safiya bayan sallah, awa biyu kafin ta tafi kanti, har hannunta ya san daidai inda zai tsaya ya rufe muku asiri. Ta kai tana sauke jirgi a tsakiyar titin saukar jirage sau ashirin a jere da wannan karkatacciyar sanda. Nakan tsaya a bayanta da kofin kofi ina jin kaina ya yi girma. Na manta cewa matuƙin kwale-kwale da jirginsa ɗaya yake tsufa, shi kuwa matuƙin sama kullum wani ake miƙa masa. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ni ne kuma na kafa turken da hannuna.

Na bakwai. Ranar jarrabawa a Jakarta aka zaunar da ita a gaban na'ura mai lafiya, wadda sandarta take tsaye inda aka bar ta, toturinta kuma yake tafiya da ɗan yatsa. Ta ci rubutu, ta ci lissafi, ta ci gwajin ido. Da aka ce ta tashi jirgi, gindin tafin hannunta ya kai wa totur dukan da ya saba, inji ya zabura har ƙarshe. Ta gyara. Da ta zo sauka sai jirgin ya riƙa zamewa dama. Tana gani da idonta, ta san abin da ke faruwa, ta ce wa hannun ya bari, ya bari na daƙiƙa biyar, da hankalinta ya koma kan tsawo da gudu sai ya koma inda ya saba. Sau uku aka ba ta, sau uku ta sauka a ciyawa. Mai jarrabawar, wani tsohon kyaftin mai furfura, ya cire tabarau ya dube ta ya ce, "'Yata, da wa kike kokawa? Ai babu iska a nan." Ya ce mata tana da kai mai kyau, hannun ne aka riga aka yi wa tarbiyya a wani gida, kuma gyaransa zai ci wata shida. Wata biyu bayan haka ta cika ashirin da shida.

Da ta dawo na je tarbarta. Ina ta shirya abin da zan ce tun daga gida, ta riga ni. Ta ce, "Baba, kada ka ce komai, ka saya mini ayaba gasasshiya kawai." Muka zauna a bakin teku tana ci, ni ina ta juya tawa a hannu. Ba ta taɓa cewa laifina ne ba, har yau. Da ta faɗa da na fi samun sauƙi.

Daga ƙarshe, wajibi ne in yi godiya. Da ta faɗi jarrabawar sai muka tura muku sandar, tunda ba ta da sauran amfani, kuma shekaranjiya ɗan aike ya kawo mana sabuwa fil a kwali, tare da kati mai zanen murmushi kuna roƙon mu ba ku taurari biyar. Na shaida a gaban kowa, wannan tana da lafiya. Na ajiye ta a tebur na zuba mata ido minti goma, jirgin bai karkata ko'ina ba. Ashe kun iya. Tenri ta dawo daga kanti ta gan ta, ta zauna ba ta ko cire takalmi ba, ta ɗora hannu. Jirgin ya tashi lafiya, ya yi kwana, ya fuskanci titi, sannan a hankali ya fara zamewa dama. Ta dubi hannunta kamar na wani, ta yi 'yar dariya, ta mayar da sandar kwali ta rufe. Ta ce, "Baba, ka ba ɗan wani, amma ka gaya masa in ta fara ja ya jefar." Ta shiga ta taya uwarta tsinke kayan miya.

Taurari kuwa ba ni da ikon ba ku su, na Allah ne. Abin da nake da shi addu'a ce, kuma na yi muku ita da zuciya ɗaya. Na san manya irinku ba ku rabo da tafiya. Allah ya ƙara wa kamfaninku kasuwa, kayanku su shiga kowane gida mai yaro ko yarinya da ke son sama. Ya kuma sa duk jirgin da za ka hau, Mai Girma, kai da injiniyoyinka, in ya fuskanci titi zai sauka, hannun da ke riƙe da shi a kan sandarku ya koyi tuƙi. In kayanku yadda kuka rubuta a kwali suke, ai sai ka ce amin.

Naka mai biyayya, mai durƙuso tun daga nesa,

Syamsul Bahri Daeng Rewa
Makanikin injin jiragen ruwa, mahaifin Tenri
Paotere, Makassar